Littafin Tomi Adeyemi: Inda Ya Yi Ƙarfi da Inda Ya Gaza

Malama Rabi: Assalamu alaikum. A daren jiya na gama karanta Children of Blood and Bone na Tomi Adeyemi, wanda za a iya kira 'Ya'yan Jini da Ƙashi da Hausa, kuma ina neman ra'ayin waɗanda suka riga ni karanta shi kafin in yanke shawarar ko zan sa shi cikin littattafan da 'yan ƙungiyar karatu ta makarantarmu za su karanta a zango mai zuwa. Yawancinsu 'yan aji biyar ne da aji shida na sakandare. Wanda bai karanta ba kuma yana da niyya ya yi haƙuri ya tsallake wannan zance, domin ba zai yiwu a tattauna shi ba tare da an tona ƙarshen labarin ba.

A taƙaice, littafin ya fito a shekarar 2018, kuma labarinsa yana faruwa ne a wata ƙirƙirarriyar ƙasa mai suna Orisha, inda Sarki Saran ya sa aka karkashe masu baiwar sihiri, waɗanda ake kira maji, a dare guda, shekara 11 kafin farkon labarin. 'Ya'yansu da aka bari da rai ana gane su da farin gashi, an ɗora musu haraji na musamman, kuma wanda ya kasa biya sai a tura shi aikin tilas. Zelie, wadda aka rataye mahaifiyarta a gabanta tana ƙarama, ta haɗu da Amari, 'yar sarkin da ta gudo daga fada da wata tsohuwar takarda mai farkar da sihiri, sai su biyu da Tzain, yayan Zelie, suka kama hanyar neman sauran abubuwa biyu da ake bukata domin dawo da sihirin, wuƙar ƙashi da dutsen rana, yayin da Inan ɗan sarki yake bin sawunsu da sojoji. Rabin farko ya riƙe ni har na manta da tukunya a kan wuta, amma rabi na biyu na karanta shi ina tsaki, kuma har yanzu ban tantance ko laifin littafin ne ko laifin shekaruna ba.

Malam Bashir: Wa alaikumus salam, Malama. Ba laifin shekarunki ba ne, kuma zan iya nuna miki daidai inda littafin ya karye. Amma kafin nan adalci ne a faɗi abin da marubuciyar ta iya, domin ta iya shi ƙwarai. Dubi babin farko kawai. 'Yan mata suna koyon faɗa da sanda a ɓoye a wurin Mama Agba, sai aka ce ga dakarun sarki nan tafe, nan take aka ɓoye sanduna aka ɗauko allura da yadi, wurin ya koma shagon ɗinki. Sojan ya shigo ya ce an ƙara haraji, Zelie ta kasa riƙe bakinta, shi kuwa ya damƙe ta ya kira ta da sunan da ake zagin irinsu da shi, wato tsutsa. A cikin 'yan shafuka mai karatu ya san yadda mulkin ƙasar yake, ya san halin yarinyar, ya kuma san cewa saurin fushinta zai jawo wa na kusa da ita wahala, duk ba tare da an tsaya ana yi masa dogon bayani ba. Marubuta da yawa da suka girme ta ba su iya buɗe labari haka ba, alhali ita lokacin ba ta wuce shekara 24 ba, tunda a 1993 aka haife ta.

Inda ya karye kuwa shi ne soyayyar Zelie da Inan. Wannan yaro shi ne ya jagoranci sojojin da suka ƙona garinsu, mutane suka mutu, tsohon mahaifinta ya rasa matsuguni, kuma ya rantse zai kashe ta. Duk tafiyar ba ta kai wata guda ba, amma kafin a kai ƙarshenta sun fara haɗuwa a duniyar mafarki suna shauƙin juna. Ban ce zuciya ba ta juyawa ba, amma dole a nuna mini abin da ya juya ta, kuma a ba shi lokacin da zai isa. A nan an gaggauta, kuma tun daga wannan wuri na daina yarda da Zelie.

Zainab: Malam, da girmamawa, ina ganin an nuna abin da ya juya ta, sai dai bai gamsar da kai ba. Baiwar da ta bayyana a jikin Inan ita ce shiga tunanin mutane, saboda haka ba labarin kisan mahaifiyar Zelie ya ji ba, ji ya yi a jikinsa kamar shi aka yi wa. A ɓangarenta kuma, shi ne mutum na farko daga gidan sarauta da ya amsa cewa an zalunce su kuma yake da ikon canza wani abu. Yarinya ce 'yar shekara 17 da ta tashi cikin tsoro, wadda ta gaji da ɗaukar nauyin al'umma ita kaɗai. Ina aji shida lokacin da na karanta shi, kuma ban ga soyayyar a matsayin abu mai kyau ba, na gan ta a matsayin kuskure irin wanda sa'o'ina suke yi. Shi ma littafin bai wanke ta ba, domin Tzain ya yi mata faɗa mai zafi a kan hakan, kuma a ƙarshe yardar da ta ba Inan ce ta kai ga mutuwar mahaifinsu.

Malam Bashir: Zainab, kin kawo hujja mai kyau, kuma na karɓi rabinta. Na yarda cewa labarin ya hukunta wannan kuskure. Abin da ban karɓa ba shi ne yadda aka rubuta wuraren soyayyar da zaƙi da kwalliya, kamar ana so mai karatu ya yi fatan su daidaita. Idan kuskure ne, me ya sa aka shafa masa zuma haka? Zatona shi ne kasuwar littattafan matasa ta Amurka ta saba da maƙiya biyu da suke komawa masoya, sai aka cusa shi ko da bai dace da nauyin jinin da aka zubar a labarin ba. Sannan kamar hakan bai isa ba, sai aka haɗa Tzain da Amari su ma, wa da ƙanwa sun ɗauki wa da ƙanwa, kamar auren musaya.

Nura: Ni abin da ya tsaya mini daban ne, kuma na san wasu za su ce ƙaramin abu ne. A Sabo ta Ibadan aka haife ni, a can na yi firamare, ina jin Yarbanci kamar yadda nake jin Hausa. Da na buɗe taswirar da ke farkon littafin na ga Legas da Ilori da Ibadan da Sakkwato da Gombe da Zariya da Jimeta, sai na yi murna, amma da na shiga labarin sai na tarar sunayen kawai aka ara. Ilori ta zama ƙauyen masunta a bakin teku, alhali duk wanda ya taɓa bin hanyar Jebba ya san babu teku ko kusa da ita. Ibadan ta koma gari a tsakanin manyan duwatsu, Gombe ta zama garin masana'antu mai hayaƙi, Jimeta kuma da ke bakin kogin Binuwai ta zama matattarar 'yan fashin teku. Mai karatu a Amurka ba zai ji komai ba, domin a wurinsa sunaye ne masu daɗin ji, amma ni duk lokacin da aka ambaci ɗaya sai in fita daga cikin labarin.

Haka batun rubutun kalmomi. Yarbanci yana da alamominsa na karin sauti a saman wasula da ɗigo a ƙarƙashin wasu haruffa, kuma kowace alama tana da aikinta. A littafin kuwa an ɗora wa sunan ƙasar ɗigo biyu a saman wasali, an ɗora wa wasu kalmomi 'yar hula irin ta Faransanci, abin da ba ya cikin daidaitaccen rubutun Yarbanci. Ado ne kawai domin kalmar ta yi kama da baƙuwa, kuma a ganina wanda ya ari harshen mutane bai kamata ya mayar da shi kayan ado ba.

Hajiya Asabe: Nura, ɗana, na fahimci abin da ya dame ka, amma ka tuna da wadda ta rubuta da kuma waɗanda ta rubuta wa. A Amurka aka haife ta, iyayenta ne suka tashi daga nan, ta yi karatun adabin Ingilishi a jami'ar Harvard, kuma a birnin Salvador na ƙasar Brazil ta je nazarin al'adun Afirka ta Yamma, inda zuriyar bayin da aka kwasa suka riƙe bautar orisha, wato allolin Yarbawa, har yau. Shi ya sa wurin ibadar da ke cikin labarin yake da suna mai kama da Kandombile, addinin da ake yi a can. Orisha ɗinta ba Najeriya ba ce, ƙasa ce da 'yar da ta tashi a waje ta gina daga abin da ta ji a gida da abin da ta gani a Brazil. Kuma a bayanin da ta rubuta a ƙarshen littafin ta faɗi abin da ya sa ta rubuta shi, wato kisan da 'yan sanda suke yi wa baƙaƙen fata marasa makami a Amurka, har ta ambaci yara irin su Tamir Rice da Jordan Edwards. Sojan da ya damƙe Zelie a shagon ɗinki ɗan sandan Amurka ne aka sa wa kayan dogari. Idan ka karanta shi a haka, za ka ga taswirar ba ita ce zuciyar littafin ba.

Nura: Hajiya, na yarda da wannan bayani, kuma shi ne ma ya ƙara mini ƙarfin gwiwa a kan abin da na faɗa. Idan ciwon Amurka ake ba da labarinsa, to a faɗa wa ɗaliban Malama haka tun farko, kada su ɗauka cewa wannan shi ne tarihin Yarbawa ko addininsu. Ba na ƙin a ƙirƙiri ƙasa, abin da nake cewa shi ne da ta ƙirƙiri sunayen garuruwan ma, kamar yadda ta ƙirƙiri dabbobin hawa irin zakanyar nan mai ƙaho, Nailah, da babu wanda zai yi ƙorafi.

Malama Rabi: Wannan batu na Nura zan mayar da shi aikin aji, in ba su taswirar littafin da taswirar Najeriya su gwada. Amma ina so mu koma kan mutanen cikin labarin, domin ban ji an ambaci wadda ta fi burge ni ba, wato Amari. A ganina ita ce aka fi gina ta da kyau, fiye da Zelie nesa ba kusa ba. Mun fara ganin ta a wurin liyafar matan fada, uwarta tana tsangwamar ta a kan cin abinci da zama da duhun fatarta, yarinyar da ba ta iya ɗaga ido ta kalli kowa ba. Sai ta leƙa ta ga mahaifinta ya soke Binta, baiwarta kuma ƙawarta tilo, kamar wanda ya yanka kaza. Ba jarumta ce ta sa ta sace takardar ba, ruɗewa ce da baƙin ciki, kuma marubuciyar ba ta mayar da ita gwarzuwa a dare ɗaya ba. A kasuwar Sakkwato sai da ta sayar da adon kanta, abin da ya rage mata na tunawa da Binta, domin su sami guzuri, kuma wannan ɗan wuri ya fi taɓa ni fiye da duk yaƙe-yaƙen littafin. A hankali muka san tabon da ke bayanta, wanda ta samu ranar da uban ya tilasta mata da yayanta su gwabza da takubba na gaske. Saboda haka lokacin da ta fuskanci uban nata da takobi a ƙarshe, na ji cewa an biya kuɗin wannan mataki tun daga farko, ba kyauta aka ba ta ba.

Sunan Binta da na Zulaikha, yarinyar nan 'yar shekara 13 da take shugabantar sansanin masu farin gashi, su ma za su ja hankalin ɗalibaina, domin a kowane aji ina da mai irin sunan.

Malam Bashir: A kan Amari babu saɓani tsakaninmu. Inan ne ya kamata ya zama irinta amma bai zama ba, alhali shi aka ba kayan aiki mafi kyau. Ku tuna ɗan abin wasan darar nan da yake yawo da shi a hannu, wanda ya samu daga mahaifinsa, yana murza shi duk lokacin da hankalinsa ya tashi yana jin yana cizon tafinsa, har ranar da Zelie ta gaya masa cewa da ƙarfen da yake ƙona jikin masu sihiri aka yi shi. Wato abin da yake riƙe da shi domin tuna uba shi ne yake cutar da shi tun da daɗewa bai sani ba. Wannan fasaha ce ta gaske. Amma bayan haka sai yaron ya zama kamar tutar da iska ke kaɗawa, yau zai kashe sihiri, gobe zai kare shi, jibi ya koma wurin ubansa, kuma kowane juyi ana maimaita mana kalmomi iri ɗaya a kan fifita aikin ƙasa bisa son rai, har na fara tsallake babinsa.

Zainab: Malam, a nan ma ina da ja. Juyinsa na ƙarshe yana da dalili, kuma dalilin shi ne tambaya mafi nauyi a littafin. Ya ga yadda Kwame, ɗaya daga cikin masu farin gashi, shi kaɗai ya ƙone sojoji masu yawa da wuta a daren da aka kai hari sansanin, kuma shi kansa ya riga ya kashe Kaea, babbar kwamandar sojojin mahaifinsa, da sihirinsa ba da niyya ba. Ya kuma san cewa maji ne suka kashe iyalin mahaifinsa na farko. To idan aka mayar wa dubban mutanen da aka zalunta irin wannan ƙarfi, wa zai hana su ramuwa a kan wanda ya ji da wanda bai ji ba? Ita kanta Zelie ta yi wannan shakka a wani wuri. Abin da zan zargi littafin da shi shi ne ya ɗago tambayar sannan ya ajiye ta da sauri domin a koma fagen fama.

Alhaji Garba: Na daɗe ina bin zancenku ban sa baki ba, domin ban kai ku sanin adabi ba, amma jikata ta karanta littafin a gidana kuma na duba shi. Malama Rabi, tambayata ita ce ta addini. Labarin gaba ɗaya a kan alloli yake, Oya da Sango da Yemoja da sauransu, ana kiran su ana neman taimakonsu, ana tayar da ruhin matattu, har da tsafin jini. Waɗannan ba ƙirƙirarrun sunaye ba ne, akwai masu bauta musu har yau. Yaya za ki gabatar da wannan ga 'ya'yan Musulmi ba tare da iyaye sun zo makaranta da ƙorafi ba? Ban ce a hana ba, tambaya nake yi.

Hajiya Asabe: Alhaji, tambayarka a kan hanya take. Sai dai mu da muka yi makaranta a da mun karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda suka fito daga gasar rubutu ta 1933, kuma cike suke da aljanu da abubuwan al'ajabi, ba wanda ya bar sallah saboda su. Na san za ka ce akwai bambanci, domin jaruman waɗancan Musulmi ne kuma aljanu suna cikin abin da muka yi imani da samuwarsa, kuma gaskiyarka ne. Amma ɗan aji shida da zai rubuta jarrabawar adabi ya riga ya haɗu da allolin Girka da na Yarbawa a littattafan manhaja. Abin da ya fi shi ne ya karanta a gaban malama da za ta bambance masa labari da aƙida, maimakon ya karanta a waya shi kaɗai. Ni abin da ya fi damuna ma shi ne azabtarwar da aka yi wa Zelie a kurkukun Gombe, inda sarki ya sa wuƙa aka zana mata kalmar zagin nan a gadon baya, da kuma wurin da ita da Inan suka keɓe a mafarki. Waɗannan ba na 'yan ƙananan aji ba ne.

Alhaji Garba: To, Hajiya, na ji. Shawarata ita ce a sanar da iyaye a rubuce kafin a fara, kuma kada a tilasta wa yaron da gidansu ba su amince ba.

Nura: Akwai wani rauni da ba a taɓo ba, wato tsarin tafiyar kanta. A nemo abu uku kafin wata rana ta musamman da ba ta zuwa sai bayan shekara ɗari, in ba haka ba komai ya lalace, wannan tsohuwar hanya ce da duk mai kallon fina-finan yara ya sani, kuma sau da yawa sa'a ce take fitar da su ba dabara ba. Littafin ya haura shafi 500, mutum uku suke ba da labarin da bakinsu bi da bi, amma muryoyinsu sun yi kama da juna har wani lokaci sai na koma kan babin in duba sunan mai magana. Tzain kuwa, wanda ya fi kowa hankali a tafiyar, ba a ba shi bakin magana ba ko sau ɗaya. Duk da haka ba zan manta da garin Ibeji ba, garin hamada inda ake sayar da kofin ruwa a kan tsabar zinariya guda, bayi suna mutuwa da ƙishirwa, amma da dare a cika filin wasa da ruwa har jiragen ruwa su yi yaƙi a ciki domin masu kuɗi su yi kallo. Duk wanda ya taɓa bin layin mai ruwa da jarka a watan Afrilu, yana hangen gidan da ake ban ruwan furanni da tiyo, ba ya bukatar a fassara masa wannan babi.

Malama Rabi: Na gode muku ƙwarai. Zan sa shi, amma ga 'yan aji shida kaɗai, kuma zan rubuta wa iyaye takarda kamar yadda Alhaji ya ba da shawara. Zan nemi bugun Najeriya na kamfanin Ouida da ke Legas, domin na waje ya fi ƙarfin aljihun ƙungiyarmu, kuma ko kwafi biyar muka samu za su riƙa karɓa-karɓa. Tambayar da Zainab ta ɗago a kan ramuwa ita zan ba su su yi muhawara a kanta a mako na ƙarshe. Zainab, ke da kika karanta na biyun da ya fito a 2019, shin an koma kan wannan tambaya, ko in tsaya a na farko?

Zainab: An koma, Malama, domin farin gashin da ya fito wa Amari a shafin ƙarshe yana nufin sihirin bai dawo wa maji kaɗai ba, har da 'ya'yan sarauta, sai ya zama ɓangarorin biyu duka suna da makami iri ɗaya. Amma ki bar su su gama na farkon tukuna, domin idan Amari ce ta fi burge ki, na biyun zai ɓata miki rai.